Ranar da Na Shayar da Murhun Kawu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na mai da murhun Kawu Sale kunu ba. Lokacin ina aji uku a jami'a a Dutsin-Ma, ina karatun injiniya, kaina ya kumbura har hula ta daina shiga.

Kawu maƙerin tukwanen dalma ne a Kurfi. Shekara talatin yana narka ƙarfe a murhun yumɓu da ya kwaɓa da kashin jaki. Ni kuwa an koya mana cewa bulon ƙonanniyar farar ƙasa yana jure wutar da ta ninka tasa, har manyan masana'antun ƙarfe na amfani da irinsa. (Shafin farko na takardar da aka raba mana kawai na karanta, don daga nan malamin ke fitar da tambayoyin jarrabawa.)

Na dame shi lallai sai ya rungumi ci gaba. Ranar da na sauke masa bulon da na gasa a makaranta, ya daɗe yana jujjuya guda a hannu.

"Ɗana, sauran sati ɗaya Sallah, kuma na yi ma mutanen Birchi alkawarin tukwane goma na tuwon gari. Murhun ga shi kaɗai gare ni."

"Kawu, zamanin kashin jaki ya wuce," na ce.

Kunyar ɗan 'yar'uwa ta sa ya bari na rushe murhun. Na gina sabo, fari tas, na kuma gayyato maƙeran layin su zo su ga ilimi. Da suka taru, sai na ɗauko bokiti, domin duk wanda ya taɓa wucewa ta wurin gini ya san ana ba bulo ruwa ya yi ƙwari.

Kawu ya riƙe mini hannu. "Mi za ka yi? Farar ƙasa ce fa, ita da ruwa..."

"Wannan ta kimiyya ce, ba ta shafen ɗaki ba."

Na sheƙa. Na ƙara na biyu, don burgewa.

Da farko shiru. Sai murhun ya fara huci kamar kububuwa, tururi ya tashi, bulo ya kumbura yana tsagewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kira la'asar ya zube ya zama farin kunu. Wani tsohon maƙeri ya leƙa ya ce, "Lallai ya jure wuta, tun da bai bari ta gan shi ba." Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

 Buhu kawai Kawu ya miƙo mini. Kwana biyu injiniya yana bin bayan jakunan kasuwa yana tsintar abin da zamaninsa ya wuce. Da muka sake gina na yumɓu, tukwane shida kaɗai muka samu kafin Sallah, Kawu ya je Birchi da ƙafarsa ya ba da haƙurin sauran.

Murhuna dai bai tafi a banza ba. Matan unguwa sun kwashe shi a kwano sun shafe ɗakunansu na Sallah, har yau in na wuce sai wata ta ce, "Injiniya, bango ya dushe, yaushe za ka sake gini?"

Da na koma makaranta na buɗe shafi na biyu. Layin farko ya ce kada a bari ko raɓa ta taɓa bulon. Tun daga ranar nake karanta takarda har ƙarshe, in kuma tsoho ya riƙe mini hannu, sai in ajiye bokitin.