Yadda na aiki kwamandan ɗaukar kujeru

Ni tela ne a unguwar Birni, kuma na taɓa ɗinka wa sojoji galo, wato alamar muƙami, a kafaɗa, saboda haka na ɗauka babu wanda ya fi ni sanin muƙaman soja a Damagaram. Ranar sunan jaririn da aka haifa wa Habu, ɗan ƙanena da ke sojan sama, ni na naɗa kaina mai tarbar manya.

Da hantsi mota ta tsaya. Wani ƙato ya fito cikin kaki, galo jere a hannunsa, bayansa wani siriri da farar riga. Na ƙame, na ce wa ƙaton, "Bismilla, mon kolonel," na kai shi kan darduma. Yana ta son magana, ina hana shi. Siririn kuwa na ce masa, "Malam, taimaka da kujerun can." Ya ce to, ya ɗauko huɗu.

Habu ya fito daga zaure, ya ga siririn da kujeru a ka, ya ƙame ya sara masa. Ya raɗa min, "Baba, wannan kwamandanmu ne gaba ɗaya. Wancan ƙaton direbansa ne, sarjan ne kawai."

Na tabbata na kashe wa Habu aiki. Kwamandan ya ajiye kujerun, ya ce, "Baba, akwai saura?" Ya ci tuwo tare da mu, ya yi wa jariri addu'a.

Har yau in sarjan ɗin ya biyo ta shagona sai ya leƙo ya ce, "Baba, shekara nawa ina kolonel, yaushe za ka mai da ni janar?"