Rasuwar Jakar Harsashin Mai Gyaran Agogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Mai Gyaran Agogo na sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar jakarsa ta goyo, mai ba bindigarsa harsashin wuta, wadda ta cika ranar Asabar da yamma tana da shekara goma sha ɗaya.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, kada su wahalar da kansu neman hotonta. Ba ta taɓa hawa bayan kowa ba. Tana cikin wasan nan ne da ake zama a kewaye tebur, kowa da takardar sojansa, alƙali na ba da labarin yaƙin sararin samaniya, 'yan wasa na jefa ƙwayar lido mai fuska ashirin don ganin abin da zai same su. Duk jikinta layi ɗaya ne na fensir a takardar Mai Gyaran Agogo: "Jakar goyo, harbi ɗari biyar, da tiyo zuwa bindiga." Yayansa ne ya rubuta layin da hannunsa, a ɗakin bayan shagon magani inda ya kafa wasan. Yaya ya rasu shekara huɗu da suka wuce, Allah ya jiƙansa, kuma mutum ne da ba ya rubuta wasiƙa. Layin nan shi ne rubutunsa kaɗai da ya rage a hannun ƙaninsa.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta da ƙorafi. Lokacin da sauran 'yan wasa ke tsugunne bayan ganga suna canjin batirin bindiga, ita tana aiki. Sau uku ta fitar da Direba, abokin wasansa, daga hannun dodannin ƙarfe, sau ɗaya ta tsare ƙofar jirgi ita kaɗai har Nas, abokiyar wasansu, ta gama kwashe waɗanda suka ji rauni. Ba a taɓa jin ɗayansu ya ce mata sannu ba. Muryarta kuwa bakin Yaya ne: "Zuuuu, ƙyas! Zuuuu, ƙyas!" Bayan rasuwarsa Mai Gyaran Agogo ya ci gaba da yi mata kukan, ko da yake nasa ya fi kama da tsohuwar fanka.

Jinyarta ba ta kai minti biyu ba. Dokar teburin ita ce abin da ba ka faɗa da bakinka ba, ba ka yi shi ba. A ranar, sojan Mai Gyaran Agogo zai tsallake wata ƙofa mai rufe kanta, ya kamata ya ce ya cire tiyo tukuna. Shekara goma sha ɗaya yana faɗa. Wannan karon uwar 'ya'yansa ta kira shi a waya kan makullin gida, ya amsa, ya dawo ya ce ya tsallaka. Malamin Lissafi, wanda ya gaji kujerar alƙali daga Yaya, ya ɗago kai.

"Maigida, ba ka ce ka cire tiyo ba."

"Haba Malam, ai kullum ina cirewa."

"Kullum kana faɗa. Yau ba ka faɗa ba. Jefa."

Ya jefa, ƙwayar ta nuna ɗaya, mafi munin lamba. Ƙofa ta datse tiyo, jaka ta fashe. Kafin Mai Gyaran Agogo ya buɗe baki, Malamin ya jawo takardar ya murza magogi a kan layin, ya hure. Ya san rubutun waye, tare suka ɗauki gawar mai shi. Direba na dariya har da dukan tebur, Nas kuma ta ce kada ya damu, za ta bugo masa sabuwar takarda a kwamfuta da jaka mai harbi dubu. Wannan maganar ta fi gogewar yi masa ciwo.

Ta rasu ta bar bindiga ɗaya da ba ta da mai ciyar da ita, da rabin tiyo, da wani farin gurbi a takarda inda ake iya ganin sawun fensir in an karkata ta wajen taga. Ta kuma bar abokai uku da suka ci moriyarta, waɗanda suka ƙarasa wasan ranar har ƙarshe.

Mai Gyaran Agogo ya tattare ɓurɓushin magogin daga kan tebur da burushinsa na aiki, ya zuba a ƙaramin gwangwanin da yake ajiye ƙusoshin agogo. Za a binne shi a tukunyar furannin da ke ƙofar shagonsa ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe huɗu na yamma. Ya san lokacin wasa ne, da gangan ya sa. Ba a buƙatar sabuwar takarda, ba a buƙatar bayanin doka. Ya share gaban shago, ya aro kujeru uku wajen maƙwabcinsa tela.

Zuwa lokacin fitar da wannan sanarwa, Direba kaɗai ya kira. Tambaya ya yi ko tunda Maigida ba zai zo ba, zai ara musu ƙwayar lidon.