Kwalin Jirage Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya fi baƙin cikin yawa, ni Halliru Dattijo, akawu a Wudil, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwalina na wasan jiragen sama, wanda ya cika ranar Talata bayan doguwar jinya a hannun jahilai. Shekararsa uku.

Marigayin ya zo gidan nan shekarar da aka biya mu kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na gwamnati. Abokan aiki suka ruga sayen babur da rediyo, ni kuwa na shiga wani kanti a Kano na fito da shi a hammata. Faffaɗan kwali ne mai taswirar duniya, da ƙananan jiragen roba ashirin da huɗu, da kuɗin takarda, da ɗan lido. Kowane ɗan wasa kamfani ne: ka sayi jirgi ko ka ɗauko haya wajen wani, ka biya mai da gyara da kuɗin sauka, wanda bai karye ba shi ya ci. Bai taɓa cin zalin kowa ba. In aka kaɗa ɗan lidonsa a gwangwani sai ka ji ƙwaras-ƙwaras, muryar da ke kiran mutane tun daga bakin gada.

Kuma sun zo. Zaurena, wanda a da ko mai tallan goro ba ya leƙawa, ya zama ba masaka tsinke daga la'asar zuwa magariba. Ni kaɗai ke iya karanta littafin ƙa'idar, don haka aka raɗa mini Manaja. Ina son sunan nan, ba zan yi ƙarya ba.

Ciwon ajali ya faro ne daga Gwadabe, dillalin shanu a kara, wanda bai taɓa ganin jirgi ba sai in ya ɗaga kai hularsa ta faɗi. Shi ya ce ba a ƙulla haya babu dillali, ya shiga yankar la'ada, har yana matsa cikin jirgi kamar mai tayin bijimi. Na haƙura. Sai Labaran na Utai, wanda ya fi shi ɓarna, ya kawo tasa fatawar: wai haya ai kiwo ce, kuma wanda aka ba kiwo gida yake kora dabba, ba ya barin ta ta kwana a garken mai ita. Na buɗe littafi na nuna masa shafi. Ya ce Baturen da ya rubuta bai taɓa kiwo ba. Jama'a suka ce gaskiyar Labaran. Ni kuma, don kada zaure ya watse, na ja bakina na yi shiru, kuma shirun nan nawa shi ya kashe marigayin.

Daga ranar, duk wanda ya ɗauki haya sai ya jefa jirgi a aljihu in an tashi. Abin da ya tafi Utai bai dawo ba; ina jin Labaran jira yake su haihu. Kafin damina ta fita jirage biyu suka rage. Aka ce a cike gurbi da soyayyiyar gyaɗa, ƙwaya ɗaya jirgi ɗaya. Mutum yana tsaka da lissafin kuɗin mai sai ya jefa jirgin Jidda a baki. Da idona na ga Gwadabe ya cinye kamfani guda yana hira. Man gyaɗa ya jiƙe taswira, ɓeraye suka ji ƙamshi. Ranar Talata na ɗaga murfi na tarar sun ci daga Legas har Landan, sun bar mini tsakiyar teku, inda ba a sauka.

Ya rasu ya bar jirage biyu, ɗaya ba fiffike, da ashirin da biyu a uwa duniya, yawanci a Utai, inda aka ce matar Labaran ta ƙawata jerenta da su. Ya bar littafin ƙa'ida sabo fil, tunda ba wanda ya taɓa bin sa. Kuɗin takardar kuwa mai ɗakina Hansai ta gaje su, tana ƙunshe daddawa da su, ta ce yau dai sun yi rana.

Waɗanda suka kashe shi ko zaman makoki ba su yi ba. Tun Laraba suka koma dara a gindin tsamiyar ƙofar gidan Gwadabe, wasan tona rami da soka tsinke, daidai hankalinsu. Jiya na wuce ta wurin, Labaran ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu, akawu."

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an tashi kasuwa, a bayan katangata. Liman ya ce ba a yi wa kwali salla, na kuma yarda. Ba a buƙatar sadaka. Wanda ke da jirgi a aljihu ya kawo a binne shi da 'yan uwansa. Gyaɗa kada ta shigo mini gida. Za a karɓi gaisuwa a zaurena, ba kwana uku ba, ba bakwai ba, kullum daga la'asar. Tabarma tana shimfiɗe, ɗan lido yana cikin gwangwaninsa, kuma ko dara mutum ya zo da ita, zan koya.