Baftismar Mama Saratu a Gulbin Argungu

Ba zan taɓa mantawa da baftismar farko da na yi ba, kuma ko ni na manta, mutanen ikilisiyata ba za su bari ba.

Ina gama makarantar horar da fastoci aka turo ni wata 'yar majami'a a Argungu. Ni ɗan kan dutse ne daga wajen Jos, ban san kowa ba a ƙasar Kabi. Membobina 'yan kaɗan ne, galibi mutanen Zuru da aiki ya kawo: malaman makaranta, 'yan sanda, da matansu. Da ka fara sabawa da mutum sai a yi masa canjin wurin aiki. Addu'ar ranar Laraba sau da yawa daga ni sai ƙadangarun bango. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai, amma ban taɓa nuna wa kowa ba. A tunanina fasto ba ya kaɗaici. Kullum ina cikin kwat da laktaye a zafin Kebbi, ina amsa gaisuwa da kai kamar alƙali. Da na koma ɗaki kuma sai in durƙusa ina kuka, ina cewa Ubangiji ya manta da ni.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hotunan abokan karatuna a waya. Wannan yana wa'azi gaban ɗaruruwa, wancan an ba shi mota. Ni kuwa in na ɗauki hoton majami'ata, bencuna marasa kowa ne suka fi fitowa.

Ana nan sai Mama Saratu ta ce tana son a yi mata baftisma. Gwauruwa ce, ƙatuwar mace mai suyar kifi a bakin tasha. A gidan Kirista aka haife ta, amma ta tsufa ba a taɓa yi mata ba, abin kuma yana damunta. Na ce to, ga ranar da ni ma zan samu hoto.

Na tafi Birnin Kebbi na sanar da Baba Rabaran, dattijon da ke kula da mu. Ya ce, "Ɗana, ka kawo ta nan Gwadangaji. Muna da kwarmin baftisma a cikin majami'a, ruwan iya ƙugu."

Na ce, "Baba, ga gulbi a ƙofar gidanmu, mu tafi kwarmi? Ai a kogin Urdun aka fara."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ka iya ruwa?"

Na ce Ubangiji ne makiyayina. (Ku lura, ban amsa tambayar ba. Ruwan da na fi sani a rayuwata shi ne na bokiti.)

Ranar Asabar da hantsi muka sauka wani lungu na gulbin, bayan gonakin shinkafa. Na sa doguwar farar riga da na ɗinka musamman. Matan zumunta suka zo da ankonsu suna waƙa, Baba Rabaran ya zauna a kujerar roba ƙarƙashin lema. Can gefe wasu masunta suna gyaran komarsu ta kamun kifi, suka dakata suna kallon ikon Allah. Na ba wani malamin makaranta wayata, na ce kada ya bari komai ya wuce shi. Kuma bai bari ba.

Na shiga ruwan a hankali, hannuwa a sama, fuska a ɗage (saboda hoto). Mama Saratu ta biyo ni. Na dafa kafaɗarta, na buɗe murya na fara: "Ina yi miki baftisma cikin sunan..." Ban kai ga sunan ba, laka ta kwashe mini ƙafafu.

Jama'a, na nutse. Na sha ruwan gulbin Rima har na ƙoshi. Rigar ta naɗe mini kai, na ga duhu, na tabbata yau sai Mulkin Sama. Da na taso, ba sunan Ubangiji na kira ba. Abin da ya fito daga bakin fasto, da ƙarfin da ya tashi tsuntsayen fadama, shi ne, "Wayyo Mamana!" Na cafki abin da hannuna ya samu, wato wuyan Mama Saratu, na ɗane bayanta kamar goyo, na harɗe ƙafafu.

Waƙa ta tsaya cak. Sai na ji wani tsohon masunci yana ƙwala kira daga gaɓa: "Kai Malam, miƙe tsaye! Ruwan ga ko cibiya bai kai ba!" Wani ya ƙara da cewa, "Shi da yaz zo wanka ma mutane, shi anka yi ma wanka!"

Na sauke ƙafa ɗaya. Ƙasa na nan. Ruwan iya ƙuguna. Na leƙa gaɓa, na ga Baba Rabaran ya rufe fuska da lema, lemar tana rawa.

Na so ƙasa ta tsage. Na raɗa wa Mama Saratu cewa mu ɗage sai wani lokaci. Ta kama hannuna gam da hannun nan nata na juya kifi a mai, idonta ya cika da ƙwalla. "Fasto, tun ina budurwa nake jiran wannan rana. Ba inda za ni. Ni zan riƙe ka, kai ka yi aikin Ubangiji."

Haka aka yi. Tana riƙe da ni, na faɗi kalmomin da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Ta nutsa, ta taso tana dariya tana kuka, har lokacin ba ta sake ni ba.

Na koma gida na kulle ƙofa, na fara tunanin yadda zan roƙi a mai da ni Jos. Da yamma na ji ƙwanƙwasa. Mama Saratu ce da kwanon farfesun kifi, bayanta matan zumunta da mazajensu. Ɗakin da ba wanda ya taɓa zama a ciki sai ni, ya cika har wasu a ƙasa. Wani ɗan sanda ya kwaikwayi "Wayyo Mamana" har ya ƙware, ni ma ban san lokacin da na fashe da dariya ba.

Mama ta tura mini kwanon. "A da tsoronka muke ji, Fasto. Mun zaci ba ka bukatar kowa. Yau mun ji kana da uwa, kuma tana nesa. To ga mu."

Kifin nan da hawaye na ci shi. Na daɗe ina roƙon Allah ya aiko mini mutane, ashe suna nan, kwat ɗina ce ta tare ƙofa. Allah bai manta da ni ba ko rana ɗaya, jira yake in sauko, da na ƙi kuma ya sa laka ta taimaka.

Hoton bai taɓa zuwa wurin abokan karatuna ba, amma yana wayar kowane memba. Har yau in na fara ɗaga murya fiye da kima a kan bagade, sai in ga Mama Saratu a bencin gaba tana ɗan bubbuga bayanta, alamar wurina na nan. Nan take nake sassautawa. Baftisma kuma, a Gwadangaji muke yi.