Gadon Ƙarfen Inna Ya Shiga Siyasa

Da safiyar yau na rasa layina a gidan mai, kuma ba kowa ya jawo min ba sai gadon mahaifiyata. Tun da sassafe nake tura babur a hankali, har na fara jin ƙanshin fetur, ina hango hannun mai zubawa, sai ga wata buɗaɗɗiyar mota ta taho da lasifika tana tashin kiɗa. Na ɗaga kai don in ga waɗannan masu sa'a da suke da man ƙonawa a kan waƙa. Me zan gani? Gadon ƙarfen Inna, kore shar, an ɗaure shi da igiya a tsakiyar motar, samari sun kewaye shi suna rawa. Na saki babur na bi su a guje ina ihu, "Ku tsaya! Gadon uwata ne!" Suka ɗauka murna nake taya su, ɗaya ma ya jefo min hula. Da na dawo an ture babur ɗin gefe, layi ya haɗe, man kuma ya ƙare kafin in gama haki.

Na san za ku ce me ya kai gadon tsohuwa cikin motar kamfe. Ku gyara zama.

Akwai wani ƙaramin asibiti a unguwarmu. Gwamnatin jiharmu mai albarka ta sha yi masa gyara a rediyo, har mun haddace muryar mai sanarwar. Bana dai, da zaɓe ya matso, aka zo da gaske: aka shafa wa bangon gaba fenti, aka kafa allo wanda ya fi ƙofar asibitin girma, aka sa ranar da Mai Girma Babban Mai Almakashi zai zo ya yanke ƙyalle. Ana gobe bikin ne wani mai kaifin basira ya leƙa ciki, ya lura babu gado ko ɗaya. Kuɗin gadajen kuwa an ce sun fito daga baitulmali lafiya lau, a hanya ne suka gaji, suka shiga gidan wani suka huta, har yau ba su fito ba.

A nan maƙwabcina Ana-Tare ya shigo labarin. Sunan ya samo shi ne daga bakinsa, don ko zaginsa ka yi sai ya dafa ƙirji ya ce maka, "Ana tare." Ba shi da ofis, ba shi da sana'ar da za ka nuna, amma duk motar manya da ta shigo unguwa shi ne yake buɗe ƙofarta. Ya yi sallama, ya wuce ni a tsakar gida kamar turmi, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna.

"Inna, gwamnati ce ta aiko ni. Aron gado take nema, na yini ɗaya tak. Kafin la'asar yana ɗakinki, har da sabon zanin gado a kai."

Na ce, "Inna, kada ki yarda. Gwamnatin da ta ari ƙuri'armu ba ta dawo da ita ba, ita za ki ba gado?"

Ta harare ni. "Kai dai bakinka ba ya gajiya. Asibiti aka ce fa. Wa ya sani ko wani bawan Allah zai samu ya miƙe bayansa a kai?"

Gadon nan ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Marigayi Baba ne ya saye shi lokacin da ya fara aiki, kuma ƙafarsa ɗaya ta baya ta ɗan gajarta tun wata ƙaura da muka yi ina yaro. Baba ya sassaƙa masa wani ɗan katako da ake sawa a ƙarƙashi, in babu shi gadon sai ya riƙa rangaji. Samarin Ana-Tare suka sunkuce shi cikin gaggawa, suka bar katakon a ƙuryar ɗaki.

Ranar biki na je na ga ikon Allah. An jera gadajen unguwa gaba ɗaya, an lulluɓe su da fararen zannuwa, an kwantar da majinyata a kai. Majinyatan ma na aro ne. Wanda aka kwantar a gadon Inna shi ne mai askina, ƙato lafiyayye wanda ko mura ba ta taɓa kayar da shi ba, an naɗe masa kai da bandeji. Ya ce min tun da aka kwantar da shi ƙafarsa ɗaya tana ƙasa ta ƙarƙashin zani, yana tokare gadon kada ya juye da shi a gaban kyamara. Mai Almakashi ya iso, ya kama hannunsa cikin tausayi, ya ce, "Yaya jiki?" Shi kuma ya narkar da murya ya ce, "Ranka ya daɗe, tun da na gan ka na warke." Aka yi tafi. Kafin la'asar kuwa, kamar yadda aka yi alkawari, mota ta zo ta kwashe gadajen. Sai dai ba gidajenmu ta nufa ba, asibitin wani gari ta wuce da su, don washegari can ma akwai ƙyallen yankewa.

Daga nan muka koma ganin gadon a talabijin. Duk asibitin da aka buɗe, Inna sai ta matso kusa ta ƙura ido, can ta nuna da yatsa: "Ga shi can, na kusa da taga! Dubi yadda ya karkace." Ita da ba ta taɓa wuce garin ƙanwarta ba, gadonta ya zagaye jiha kaf, manya sun dafa shi, an yi masa addu'a a gaban jama'a. Ni kam dole in yaba. A wasu wurare sai a yi ta ɓarnar dukiya ana saya wa kowane asibiti gadajensa. Mu kuwa Allah ya ba mu shugabanni masu tattali, sahu ɗaya na gadaje ya wadaci jiha guda, kuma ko su ɗin ma ba a saya ba.

Abin da talabijin ba ta nunawa shi ne Inna a ƙasa. Gwiwoyinta sun daɗe da yin yaji, tashi daga tabarma kuwa sai maiɗakina ta riƙe ta ta hammata, ana salati ana nishi. Mun ce ta karɓi gadonmu, ta ce ita ba ta kwanciya a gadon surukarta. Na ce to zan lallaɓa in sayo mata wani. Ta ce, "Nawa ɓata ya yi? Aro na bayar. Wanda ya ara ya dawo da shi."

Na je ofishin da abin ya shafa. Aka yi ta mirgina ni daga wannan ɗaki zuwa wancan, har na faɗa hannun wani babba mai sanyin murya da sanyin ofis. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam, duk gadon da ka gani a talabijin sabo ne fil, gwamnati ce ta saya. In ka ce na mahaifiyarka ne, kana nufin ba a saya ba ke nan. Ka san nauyin wannan maganar kuwa?" Na auna nauyinta, na ga ta fi ƙarfin wuyana, na yi masa godiya na fito.

Ana cikin haka aka raba muƙamai, aka manta da Ana-Tare. Mutumin da ya buɗe ƙofofin motoci har hannunsa ya yi kanta, ko mai ba da shawara kan buɗe ƙofa ba a naɗa shi ba. Sai ya yi fushi ya sauya sheƙa zuwa jam'iyyar adawa, kuma bai tafi hannu rabbana ba, da motar gadajen ya tafi. Sauran maƙwabta da gadajensu ba su da wata alama suka bi ta bayan fage suka karɓo nasu. Na Inna ne kaɗai ya yi suna, don duk jiha ta san karkataccen koren gadon nan.

Ranar da 'yan adawa suka cika gidanmu, na ce shi ke nan, wahala ta ƙare. Jagoransu, Mai Girma Mai Share Hawayen Talaka, ya tsuguna a gaban Inna har da hawayensa na kansa. Mai ɗaukar hoto ya ce a janye 'yar katifar da muka shimfiɗa mata, wai tana ɓata hoton. Aka janye. Da aka gama Inna ta ce, "To ɗana, ina gadon?"

Ya ce, "Inna, wannan gado ya wuce gado yanzu, hujja ne. Sai mun nuna wa duk jiha irin zaluncin da aka yi miki. Ranar da muka ci zaɓe, ni da kaina zan ɗauko shi a ka in kawo miki."

Kun ji yadda aka yi bayan mahaifiyata ya rataya a kan nasarar 'yan adawa. Ni da ban damu da siyasa ba, na zama mai sharhi ƙarfi da yaji, kullum ina shagon mai aski muna auna wa zai ci. Shi ra'ayinsa a fili yake. Ya ce, "In da a shagon nan za a yi zaɓen, da gwamnati ko ƙuri'ar tsintsiyar shagon ba za ta samu ba. Duk kan da na aske da zafinsa yake zuwa. Mutane sun gaji, mai karɓar ƙuri'ar kawai suke nema." Sai in tafi gida da ƙwarin gwiwa in ce wa Inna ta ƙara haƙuri, an kusa.

To yau, bayan na rasa mai, na jingine babur na taka har ofishin 'yan adawar, da niyyar ko roƙo ne in yi su ba ni aron gadon uwata zuwa ranar zaɓe. Tun daga bakin titi na fara cin karo da karyayyun kujeru. Ashe taron fitar da ɗan takara aka yi, kuma an samu nasara fiye da yadda ake zato, don 'yan takara biyu aka fitar, kowa da shugaban jam'iyyarsa. Aka raba kaya nan take. Ɓangaren Mai Share Hawaye ya tafi da lasifika da kan gadon da ƙafafunsa. Ɗaya ɓangaren, wanda ya ce shi ne na asali, ya tafi da mota da ragar ƙarfen da ake ɗora katifa. Kowa ya ce sai an haɗu a kotu.

Na tarar da Ana-Tare a gindin bishiya yana waya ƙasa-ƙasa, yana ta "ranka ya daɗe" irin wadda ban taɓa jin ya yi wa ɗan adawa ba. Na ce, "Kai yanzu wane ɓangare kake?" Ya rufe wayar da hannu, ya dafa ƙirji ya ce, "Ana tare."

Na biya ta shagon mai aski na ba shi labari. Ya daɗe yana kaɗa buroshi a tafin hannu, sannan ya ce, "Mutanen da ba su iya riƙe gado ɗaya a haɗe ba, su za mu ba jiha?" Na ce to masu gwamnatin fa? Ya ce, "Waɗancan ai an ce makarantu za su fara buɗewa. In kana da tebur a gida ka ɓoye."

Na shiga gida ban san ta inda zan fara ba. Inna tana zaune a tabarma ta jingina da bango, ta dubi hannuna, ta dubi fuskata.

"Ba su ba ka ba ko?"

Na ce, "Sun ce a ɗan ƙara jira." Ban iya gaya mata an raba shi biyu ba.

Ta ce, "A kansa na haife ka. A kansa mahaifinka ya cika. Na so in nawa lokacin ya zo, ya same ni a kai." Sai ta laluba ƙarƙashin matashinta ta ciro ɗan katakon nan na Baba, ta miƙo min. "Ungo, kai musu. Ka ce su sa a ƙafar baya ta hagu. Ko wane ne yake kwance a kai, kada ya faɗo."

Wallahi raina ya ɓaci, kuma kunya ta kama ni a madadin mutanen da ba su san ta ba. Na karɓa na fita waje, don kada ta ga idona.

Saboda haka, ranku ya daɗe masu almakashi, da ku masu share hawaye ɓangare na ɗaya da na biyu: katakon yana aljihuna, ban kai wa kowa ba. Duk wanda ya ci zaɓe a cikinku zai tarar abin da ya hau yana rangaji, kuma maganin yana gidanmu. Ya zo ya karɓa, amma ya haɗo kan gadon da ragarsa ya taho da su, tun mai shi tana iya hawa. Aro kuwa mun daina bayarwa.