Washam Daga Kafaɗa Har Wuyan Hannu

Ko na manta komai na shekarata ta farko a Jidda, ba zan taɓa mantawa da ranar da na zauna a gaban surukata na ce washam nake so ba.

Aure ne ya kawo ni daga Zariya. Mijina haifaffen unguwar Nuzla ne a nan Jidda, danginsa Larabci suke zubawa, Hausar sai sun ga dama. Ni kuwa Larabcina na Islamiyya ne, ko tumatir ba ya saya a kasuwar Bab Makka. Babbar fargabata ita ce Hajja, mahaifiyarsa, wadda har lokacin kallon awo take yi mini, ba ta yanke ko ni 'yar gidan mutunci ce ba.

Ana gab da bikin Ruƙayya, ƙanwar mijina, muka je Umra, ta farko a rayuwata. Da na ɗaga kai na ga Ka'aba, sai na tsaya ina kallo. Baƙin rigarta ya fi duk wani baƙi da na sani, rubutun zinariya yana walƙiya, marmara da sanyi a tafin ƙafa duk da ranar nan ta Makka. Addu'o'in da na haddace suka gudu suka bar ni. Kuka kawai na yi, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Na dawo da abin a raina, sai dabara ta zo mini (irin wadda ya kamata mutum ya fara gaya wa mijinsa). A lallen biki zan zana abin da na gani, daga kafaɗa har wuyan hannu. Ka'aba da baƙin lalle, a sassauta shi ya yi toka-toka wajen marmarar, hasumiyoyi da jan lalle, a bi da ƙyalƙyali ruwan gwal. Na tambayi wayata yadda ake cewa zanen jiki da Larabci, ta ce washam. Na haddace abina.

Ranar lalle mata sun cika falon Hajja, ana ta shayi. Na gyara zama don a ji Larabcin amaryar Najeriya.

"Hajja, abga washam," na ce, wato ina so. "Hannu guda cur, da hoton Ka'aba."

Wata tsohuwa ta ajiye kofinta ta nemi tsari da Allah.

Ruƙayya ta matso ta raɗa mini, "Yaya, washam fa shi ne na allura, wanda ba ya fita, haram. Naƙash ake cewa, na lalle."

Na yi maza na gyara, na rantse lalle nake nufi. Da na tsaya nan da na tsira. Amma don in nuna kyakkyawar niyyata sai na naɗe hannun riga, na shiga nuna inda kowane abu zai zauna. Hagu na zaɓa, wai dama yana yawan aiki, zanen zai yi saurin gogewa.

Hajja ta dube ni a natse. "Ya binti," wato 'yata, "wannan wane hannu ne?"

"Hagu, Hajja."

"To ke da wanne kike tsarki?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige da gyalena. Har mai lallen sai da ta kifa kai don dariya.

"Halas, ya isa haka, ku bar mini yarinya," in ji Hajja. Ta saukar mini da hannun rigar da kanta. "A nan aka haife ni, har na tsufa ban saba da ganin Ka'aba ba. Na san abin da ya kama ki. Amma ita ba a ɗauko ta, zuwa ake yi. Bayan biki ni zan mayar da ke."

Ranar ce ta fara kirana 'yarta a gaban mutane. Furanni aka zana mini kamar kowa. Tun daga nan duk dabarar da ta zo mini ina cikin kuka, sai na share hawaye tukuna, na duba da wane hannu zan yi ta.