Ranar da Na Raba Kasafin Kuɗi da Gurasa

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na raba kasafin kuɗin ƙasa da wuƙar yanka albasa. Ina aji biyu a jami'a a Wudil, malaminmu Dakta Bulus ya ce kowa zai fito gaban aji ya yi bayani, kuma wanda ya faɗi a bayanin sai ya maimaita kwas ɗin. Ni aka ba yadda gwamnatin tarayya ke raba kuɗinta.

Karatun bai dame ni ba, magana ce matsalata. Ko gaisuwa na yi sai an ce in ɗaga murya. Sai na yi dabara (a lokacin har yaba wa kaina na yi): na sayi ƙatuwar gurasa a bakin titi, na auna ta da kayan lissafina, na yanka ta daidai da kason kowane ɓangare. Nufina gurasa ta yi bayani, ni in tsaya a gefe.

Na kuma tsara wanda zai karɓi kowane yanki. Biyan bashi na ba Sagiru, sarkin surutun ajinmu. Tsaro na wani dogo ne, lafiya ta ƙawata Hauwa. Ilimi kuwa, don girmamawa, na ajiye wa Dakta. Komai na auna, ban da abin da aka koya mana tun muna yara: babba ake fara ba, kuma nasa ne mai tsoka.

Na fara rabo daga babban kaso zuwa ƙarami, kamar yadda yake a takarda. Sagiru ya karɓi nasa yana sa min albarka. Sai da na iso gaban Dakta, dattijo mai furfura, na rusuna na miƙa da hannu biyu, sannan na ga abin da ke tafina: ɗan siririn yanki, ko yaron goye aka ba sai ya yi kuka.

Dakta ya ɗaga yankin yana juya shi, ya ce, "'Yata, na tsufa a koyarwa, amma yau ne aka fara kawo min kasona har hannu."

Kunya ta rufe ni. Na ruga wurin Sagiru ya sam min, ya buɗe baki ya nuna min ya riga ya haɗiye, wai shi bashi ba ya jiran kowa. Ban san lokacin da na fizge na Hauwa na gutsura na ƙara wa Dakta ba. Hauwa ta ce a shaida, an kwashe kuɗin asibiti da rana tsaka.

Dakta ya tambaye ni ko majalisa ta amince da wannan sauyi. Na ce a'a (wannan karon har na bayan aji sun ji muryata). Ya ce a yanka na ci maki, a rabo kuma na nuna halin gwamnati, don haka zai ba ni abin da zai tsallakar da ni, siriri kamar nasa.

Na tsallake, amma har muka gama karatu Ministar Gurasa ake kirana. Tun daga ranar na gane abin da ya sa masu kasafi ke rabo daga nesa, a kan takarda. Da ana sa su rusuna su miƙa wa kowa nasa ido da ido, da tuni sun sake yanka.